Modu Ya Tafi, Saura Aikin Bayan Ɗakin Goggo Dije

Modu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar gida ina jiran mai ruwa. Ƙaninsa ne ya kira. Ya ce sun dawo daga sallar Asuba, Modu ya zauna a kan tabarma ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a fito da mota rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun kai shi makwancinsa da hantsi. Yanzu na dawo gida, ƙurar maƙabarta tana ƙafata, kuma akwai maganar da ba za ta jira gobe ba. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Malam Modu, wanda Potiskum ta fi sani da Modu Mai Ɓaraguzai. Abokina ne tun muna firamare. Ni na tafi aikin jarida, shi ya karanci gini, ya yi aikin gwamnati na wasu shekaru, ya ajiye ya kama nasa. In za a rusa gida ko shago a garin nan, shi ake kira.

Shi Babarbare ne, ni Bafillace, kun san abin da ke tsakani. Ban tuna ranar da ya kira ni da sunana ba. Kullum "Fillata". Ni kuma "bawana". Ko a gaban manya haka muke yi, mu gaisa da zagi mu rabu da dariya.

Ba ya son a ce yana rusa gini. Kwancewa yake yi, kamar yadda tela ke warware riga. Daga sama yake farawa. A zare ƙusoshi, a sauke kwano ba tare da an lanƙwasa shi ba. A sauke katako. A cire ƙofofi da tagogi. Sannan a bi bulo layi-layi, a ɓamɓare tsohon simintin da ke jikinsa, a jera.

Abin da ya fashe ma ba ya haɗa shi wuri ɗaya. Manyan gutsattsarin kankare gefe guda. Ƙananan da za su yi ciko gefe guda. Rodi da sauran ƙarafa na maƙera da 'yan gwangwan. In ginin ƙasa ne, tsohuwar ƙasar ma tana da masu so, manoma kan zo har daga Gadaka su kwasa su watsa a gona. Leda da tsumma da sauran shara kuwa nesa yake ware su, ba ya yarda su taɓa sauran.

Aikin yana da jinkiri, wannan gaskiya ne. Abin da katafila za ta baje kafin azahar, Modu sai ya kwana biyu yana kansa. 'Yan kwangila da yawa sun guje shi saboda haka, kuma ban ga laifinsu ba, su ma lokaci aka ba su.

Na taɓa ce masa, "Bawana, duniya ta yi gaba, kai kana nan kana zare ƙusa."

Ya ce, "Fillata, katafila ba ta san ƙofa ba. Ita da ƙofa da bango duk ɗaya ne a wurinta. Bayan ta gama kuma a ina ake zubarwa? A bayan gidan wanda ba shi da baki."

Na san wuraren da yake nufi. Kowa a garin nan ya san su.

Da farko dariya ake yi masa. Da siminti da kwano suka fi ƙarfin talaka, sai masu dariyar suka fara sallama a filinsa na hanyar Damagum. Na san malamin firamare da ya ɗaga ɗakuna biyu da tsohon bulon Modu. Na san mai shayin da rumfarsa ta sami rufi daga can. Na san ango da ya tare da amaryarsa a ɗakin da ƙofarsa ta girme su duka su biyun.

Amma ba kowane bulo yake sayarwa don gini ba. Yakan ƙwanƙwasa shi da bayan guduma ya saurara. Wanda ya ji ya mutu, sai ya jefa shi cikin na ciko, ko mai saye yana roƙo. "In ya faɗo a kan 'ya'yanka, ni za ka zaga ko bulon?"

Yana da wata al'ada da ban ga wani yana yi ba. Kafin ya taɓa gida, sai ya sa a kira masa mace mafi tsufa a gidan, ya ce ta nuna abu ɗaya da ba za a sayar ba.

Lokacin da muka kwance gidan mahaifinmu, mahaifiyarmu ta riga ta rasu, babu tsohuwar da za a tambaya. Ni kuma hankalina yana kan sabon gini, na ce ya kwashe komai. Da aka gama aka ba ni makulli, sai na tarar da ƙofar ɗakin Inna a ɗakin karatuna. An goge ta, an sake mata hinji, amma tabon da ƙugiyar ƙwaryarta ta yi yana nan.

Na kira shi a waya.

Ya ce, "Ku da kuka bar bukka jiya-jiya, ina za ku san darajar ƙofa? Ajiye wayar, ina aiki."

Ƙofar ce nake kallo yanzu da nake wannan rubutun.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, shi ma ba zai so in faɗa ba. Taurin kai gare shi. Maƙwabtan filinsa sun sha kai ƙararsa saboda kunama da macizan da ke fakewa a tarin kaya, kuma sai da aka yi ta fama kafin ya yarda ya zagaye wurin ya riƙa share shi. Gidansa ma bai tsira ba. Matarsa, Yagana, ta taɓa ce mini a gabansa, "Malam, mijin kowa da tsire yake dawowa gida. Nawa da tsohuwar taga."

Ya ce, "Tsire kwana yake yi?"

Ta ce, "Tagar ci ake yi?"

Abin da ya fi ɓata mini rai da shi shi ne takunkumi. Ba ya barin lebura ya shiga ƙura ba tare da ya rufe hanci ba, musamman in tsohon silin ne, wanda sai an jiƙa shi da ruwa yake yarda a sauke. Amma nasa takunkumin kullum yana rataye a haɓa. Wai yana hana shi yi wa mutane tsawa. Tari ya daɗe yana damunsa. Ni ba likita ba ne, ba zan ce ga abin da ya yi ajalinsa ba. Amma na yi masa magana har na gaji, Yagana ma haka.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu.

A wani lungu a unguwar Hausari akwai wata dattijuwa, Goggo Dije. Iyayenta Kanawa ne da fatauci ya kawo su, a nan aka haife ta. Man gyaɗa da ƙuliƙuli take yi, da su take riƙe jikokinta marayu. Bayan gidanta akwai kwazazzabo da ruwan unguwa ke bi. Da can ɗan rami ne da ake tsallakewa. Kowace damina yana ƙara faɗi, yana matsowa.

Bara maƙwabta suka ji tausayinta. Suka yi abin da muka saba yi a garin nan in mun ga rami: kowa ya kawo abin da yake da shi a cika. Sharar gida, toka, leda, tsofaffin katifu, ɓaraguzan da aka kwaso a haɗe. Suka cika shi har baki, suka yi addu'a, suka watse suna murna.

Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe marar nauyin duka ya tura shi cikin kwalbatin da ke ƙasa, ya toshe. Ruwa ya rasa hanya, ya dawo da baya, ya ci ƙarƙashin katangarta. Ɗakin da take suya a ciki ya rufta. Allah ya sa babu kowa a ciki.

Saura ɗaki ɗaya, wanda suke kwana. Tsakaninsa da bakin ramin bai fi a shimfiɗa tabarma ba.

Modu ya ji labari ya je ya duba. Babu wanda ya aike shi, babu wanda ya biya shi. Tun bayan damina yake ware manyan gutsattsarin kankare daga duk aikin da ya samu, ba ya sayar da su. Da rani ya yi, shi da ma'aikatansa suka fara kwashe sharar bara daga ramin, wadda ita ce ta fi ba su wuya. Sannan ya fara ɗaure kankaren a cikin ragar waya, yana jera su a gicciye kamar matakala, yana barin tsakiya a ƙasa-ƙasa don ruwa ya wuce.

Ya gama matakala ta sama. Ya gama ta tsakiya. Saura ta ƙasa, wadda take daidai bayan ɗakin.

A can na gan shi ganin ƙarshe, makon da ya wuce. Na je ne in ɗauke shi mu tafi ɗaurin aure. Na same shi a cikin rami, wando a naɗe, hula ta yi fari da ƙura.

Na ce, "Haka za ka bi ni cikin mutane?"

Ya ce, "Ka je ka ce bawanka yana aiki. Yau dai ka ci riba."

Na tsaya a baki ina kallo. Na ce me zai hana a cika shi gaba ɗaya da kankaren a huta. Ya ɗago ya share gumi.

"In na rufe masa nan, gidan wa kake so ya shiga? Ba hana shi wucewa zan yi ba, Fillata. Gudu zan rage masa. Ya sauko a hankali, ya ajiye yashin da ya ɗauko, ramin ya riƙa cika kansa."

Goggo Dije ta fito da kwanon kunu ta ajiye a inuwa. Ta dubi gabas ta ce, "Modu ɗana, jiya na ga walƙiya."

Ya ce, "Na gani, Goggo."

"In ba zai yiwu ba ka gaya mini tun yanzu, in kwashe yaran nan mu nemi inda za mu raɓa."

"Ina za ku raɓa? In Allah ya yarda ruwan bana a ɗakinki zai same ki, kina barci. Ke dai ki ƙara sukari a kunun nan. Kanawa da rowa!"

Ta ce, "Ka ji ɗan banza. Sha ka ba ni kwanona."

Da zan tafi ya biyo ni har mota, yana tari. Ya ce kankaren da ya tara ya kusa ƙarewa, ba zai isa matakalar ƙarshe ba. "Kai da kake da mutane a waya, in ka ji mai fasa gini ka ce kada ya zubar. Ka ce Modu yana so. Manya-manya, ban da shara."

Na ce to. Na yi niyyar rubutawa bayan ɗaurin aure. Ban san a wannan rubutun zan faɗa ba.

Yau a maƙabarta na ga wani abu da ban sani ba duk tsawon zamanmu. Da aka sa shi a kabari aka zo jera itacen rufi, sai na ga guntayen azara ne, irin ta tsofaffin soraye, an yanka su daidai. Tsohon da ke kula da maƙabartar ya ga ina kallo. Ya ce, "Nasa ne. Duk azarar da ta gaza rufin ɗaki nan yake kawo mana. Ya daɗe yana yi. Ya ce kada mu faɗa."

A nan na kasa riƙe kaina.

Muka dawo zaman makoki a ƙofar gidansa. Ana cikin addu'o'i sai wani Alhaji mai tifofi ya miƙe. Mutumin kirki ne, kuma hawaye yake yi da gaske. Ya ce ya ji Modu ya bar aiki a Hausari. Ya ce gobe da sassafe motocinsa za su fito, duk mai ɓaraguzai ko wani abin ciko ya fito da shi bakin hanya, kafin faɗuwar rana za a shafe ramin nan, ladan ya je wa mamaci.

Wuri ya ɗauki kabbara. Wasu har sun fara kiran waya.

Na dubi Audu, babban ma'aikacin Modu, wanda suka yi furfura tare a wannan sana'a. Ya sunkuyar da kai. Ba shi da fuskar da zai katse Alhaji a bainar jama'a, a ranar makoki, a kan maganar sadaka. Ni ma ba ni da ita.

Da na shiga ciki yi wa Yagana ta'aziyya, Goggo Dije tana cikin matan. Maganar ta riga ni shiga. Ta taso da sandarta ta tare ni a bakin zaure, ta kama hannun rigata.

Ta ce, "Malam, kai ne abokinsa. Ka hana su."

Na ce, "Goggo, alheri suke nufi."

Ta ce, "Na sani. Irin wannan alherin ne ya ci mini ɗaki bara. Ɗaya ya rage mini."

Na fito na ja Audu, muka sami Alhaji a gefe, inda babu kunnuwa. Na ji nauyin maganar, amma na faɗa. Audu ya tsuguna ya zana masa matakalar a ƙasa da tsinke, ya nuna inda ruwa zai bi, ya nuna kwalbatin da ya toshe bara.

Alhaji ya daɗe yana kallon zanen. Fuskarsa ta ɗan canza, na zaci ya ji haushi. Can ya ce, "Wato da na kashe tsohuwar nan da sadaka."

Audu ya ce, "Allah ya kiyaye, Alhaji."

Ya ce, "To ku gaya mini abin da za a ɗauko da inda za a sauke. Motocin suna nan. Direbobin kuma maganar Audu za su ji, ba tawa ba."

Allah ya saka masa da alheri. Ba kowane mai hali ne zai janye maganar da ya yi a gaban jama'a ba.

Amma waɗanda suka ji sanarwar farko sun fi waɗanda suka ji ta biyu yawa, kuma na san wasunku kuna cikinsu. Shi ya sa nake roƙo.

Don Allah kada kowa ya zuba komai a ramin bayan gidan Goggo Dije. Ko baro ɗaya. Ko da kyakkyawar niyya.

Abin da ake nema shi ne manyan gutsattsarin kankare: fasasshen rufin dekin, tsohuwar lintar saman ƙofa, ginshiƙi, murfin lambatu da ya karye. Irin wanda mutum ɗaya ba zai ɗaga da hannu ɗaya ba. Ban da leda, ban da sharar gida, ban da tsohon silin. Wanda yake da shi ya yi mini magana ta inbos, Audu zai zo ya duba, motar Alhaji ta ɗauka. Wanda yake da tsohuwar ragar waya mai ƙwari, ita ma ana so. Wanda ba shi da ko ɗaya amma yana da ƙarfi, bayan addu'ar uku za a koma aiki, kuma Audu yana buƙatar hannuwa.

Ba zan yi muku alkawarin za a gama kafin ruwa ba. Audu ya ce in kaya sun samu da wuri, akwai hali. Da na fito daga gidan makokin na dubi gabas, akwai hadari, amma bai haɗu ba tukuna.

Masu gini a garin nan kuma, ga abin da zan ce, sau ɗaya. Filin Modu yana nan, ma'aikatansa suna nan, sun iya aikin. Kafin ka kira katafila, ka kira su su sauke abin da zai sauku. Kafin ka aika tifa ta juye bayan gari, ka tambaya ko akwai mai so. Kusan kullum akwai.

Modu ya bar Yagana da 'ya'ya da jikoki. Ya bar ƙofofi a gidajen mutanen da ba su san sunansa ba. Ni kuma ya bar ni babu wanda zan zaga in ya kira ni Fillata.

Bawana, na isar da saƙonka. Manya-manya, ban da shara.

Ya Allah, ga Modu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa bayinka asiri da abin da wasu suka yar, ka rufa masa asiri ranar da babu rufi sai naka. Ka ba Yagana da yaran haƙuri. Ka tsayar da ɗakin Goggo Dije, ka sa ruwan bana ya same ta a ciki tana barci, kamar yadda ya ce mata.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka ɗan tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ka sa shi a sujadarka ta yau.

Allah ya jiƙan Modu. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.